Yadda za ki reni yara masu juriya alhali ke ma cikinki bai bar ki lafiya ba

Wata ranar Litinin da safe ina tsugune a tsakar gida ina ɗaura wa autana takalmi, sai na hango yayarsa, lokacin shekararta biyar. Ta dafa bango da hannun hagu, ta dafe mara da na dama, ta ɗan ranƙwafa, ta cije leɓe. Ta ce, "Wash Allah, cikin nan zai kashe ni. Yau kam ba inda za ni."

Tsayuwar nan tawa ce sak. Bangon ma shi ne wanda nake dafawa, na kusa da ƙofar bayi. Kalmomin kuwa ko wasali ba ta canza ba. Ga kayan makaranta a jikinta, ga kunun da ta shanye tas, jiki babu zafi. Na ce ta tuɓe ta kwanta. Na soya mata ƙwai, na miƙa mata wayata, na yi ta leƙowa ina "sannu, yana yi har yanzu?" Kafin ƙarfe goma tana tsalle a kan katifa. Litinin ɗin da ta biyo baya aka sake, wadda ta biyo bayanta ma haka.

Na fi shekara goma ina fama da abin da likitoci ke kira IBS, ni kuma nake ce masa ciwon hanji mai saurin fushi: murɗa, kumburi, yau gudawa, jibi ciki ya ɗaure. Abin da ban lura ba shi ne akwai 'yan kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yadda yaro ke koyon cin tuwo da hannun dama a wurinmu, haka yake koyon yadda ake ciwo. Abin da zan jera a nan shi ne hanyar da na bi na gyara. Da "ki" zan yi magana don ni uwa ce, amma iyaye maza masu irin wannan ciki, da ku nake, kuma akwai inda zan juyo kanku.

Mataki na farko: ki san sunan ciwonki, daga bakin likita

Wannan ne ya fi cin lokaci a wurina. Na sha maganin taifot ya fi sau biyar a kan gwajin jini guda na wani ɗakin gwaji da ke bayan wani kemis, gwajin nan na Widal da su kansu likitoci ke cewa shi kaɗai bai isa hujja ba. Aka ce olsa ce. Aka ce basir ne, na sayi jarka guda a wurin masu lasifika a tasha, na kwana uku ina zarya. Aka ce sanyi ne. Wata gwaggona ta ce sammu ne. Duk wannan yawo a gaban yara aka yi shi, kuma abin da suka ɗauka shi ne Umma tana da wani mugun abu da ba wanda ya san kansa. Uwar da ke tsoron cikinta ba ta iya ɓoye tsoron, ko ta yi shiru fuskarta za ta faɗa.

Akwai ma'aunin gane IBS da likitoci suka fitar a 2016, wanda ake kira Rome IV. Ciwon ciki ne mai dawowa, aƙalla kwana ɗaya a mako cikin wata 3 da suka wuce, wanda ya faro aƙalla wata 6 baya, kuma yana tare da biyu daga cikin ukun nan: ciwon yana da alaƙa da fita bayan gida, yawan fitar ya canza, ko kamannin bayan gidan ya canza. Wasu gudawa ta fi yi musu yawa, wasu ɗaurewa, wasu kuma su haɗa biyun. Yakan faro wa wasu bayan sun yi wata muguwar gudawa ko atini, cutar ta tafi ta bar hanjin da saurin tunzura. Matsalar tana tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa ne: saƙon da ke kai-komo tsakaninsu ya yi ƙarfi, motsin da wani ba zai ji ba ke sai ki ji shi kamar ana matse tsumma. Ciwon gaske ne, ba raki ba. Amma ba ya cinye hanji, ba ya rikiɗewa ya zama daji.

Ki tafi da bayaninki a rubuce. Za ki iya farawa da babban asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a nan Zariya, in da buƙata a tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin ciki da hanji. Akwai alamomin da ba na IBS ba ne, kuma in kin ga ɗaya kada ki jira kowa: jini a bayan gida ko ya fito baƙi ƙirin, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi, gudawar da ke tashin ki daga barci, ƙullutu a ciki, ciwon da ya fara bayan shekara 50, ko kuma wani a danginku ya taɓa yin dajin hanji.

Mataki na biyu: ki rage wa cikin fushi

Ki sayi ƙaramin littafi mai shafi 40, irin na 'yan firamare. Mako biyu kina rubuta abin da kika ci, ƙarfe nawa, yadda kika yi barci, abin da ya ɓata miki rai, ranar al'ada, da yadda cikin ya kasance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni littafin ne ya nuna mini cewa kwanakin da suka fi muni su ne biyu kafin al'ada, da washegarin duk ranar da na ci ɗanwake da daddare. Shekara da shekaru ina zargin ruwan 'yan ga-ruwa, ashe ɗanwake ne.

Kafin ki hana kanki komai, ki fara da masu sauƙi. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kada ki wuni da yunwa sannan ki zauna ki cika ciki da magariba. Ki ci a natse. Ruwa wajen kofi 8 a yini. Shayi ko kofi kada ya wuce kofi 3. Ki rage lemon kwalba, maiƙo da yaji. Tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 bayan la'asar tana taimakawa, ko da zagayen unguwa ne da yara a gaba.

In hakan bai isa ba, akwai tsarin abinci da masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fitar, ana ce masa FODMAP. Gajarta sunayen wasu nau'o'in sukari ne da hanji ba ya tsotse su sosai, sai su jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji kuma su dafa su su fitar da iska. A kicin ɗinmu suna cikin albasa da tafarnuwa, wake da duk 'ya'yansa, wato ƙosai, alala da ɗanwake, sai alkama, wato burodi, taliya, gurasa, alkubus da funkaso, sai madara, zuma, mangwaro, kankana da tuffa. Waɗanda galibi ba su da matsala sun haɗa da shinkafa, masara, gero, dawa, dankalin Turawa, doya, karas, kokwamba, gyaɗa, ƙwai, nama, kifi, lemo, gwanda da abarba. Awara ma, da yake an tace ruwan waken suyan an matse shi, da yawa suna ɗaukarta lafiya. Mu a ƙasar Zazzau Allah ya rufa mana asiri, tuwon masara shi ne abincin gida, ba sai an je neman wani abu daga Legas ba.

Yadda ake yi: ki janye masu tayar da hankalin na mako 2 zuwa 6, ba fiye ba. In kin ji sauƙi, sai ki riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana uku, kina ƙara yawansa kina rubutawa. Daga nan za ki gane naki. Ni na gano ina iya cin ƙosai biyu, ba biyar ba, kindirmo kaɗan ba ya yi mini komai, albasa ɗanya kuwa ni da ita sai kallo. Kuskure ne mutum ya dawwama a matakin hanawa, zai rame a banza. In da hali ki yi shi da jagorancin masanin abinci na asibiti.

Abin da ya shafi yara a nan: wannan abincin naki ne, ba nasu ba. Yaro mai tasowa yana buƙatar wakensa da madararsa da mangwaronsa. Ni tukunya ɗaya nake ɗorawa, in soya miyar da lawashi, wato koren ganyen albasa, wanda bai cika tayar da ciki ba, in kwashi tawa, sannan in zuba musu albasarsu. Kuma na daina cewa "wake guba ne" a kan tabarma. Cewa nake yi, "Ni nawa cikin bai cika son wake da yawa ba, ku naku yana so, ku ci ku yi ƙarfi." Da ban gyara wannan ba, na tabbata da yanzu gidana ba mai cin alala.

Magani kuwa ki bar wa likita zaɓi. Akwai masu sassauta murɗa irin su hyoscine da mebeverine, akwai loperamide na tsayar da gudawa, akwai ƙwayar man na'a-na'a, sai dai takan tayar wa wasu da ƙwannafi, akwai garin ispaghula na laushin bayan gida. Wani lokaci likita kan rubuta amitriptyline kaɗan da daddare. Kada ranki ya ɓaci, ba wai ya ɗauke ki mai taɓin hankali ba ne, maganin yana rage ƙarfin saƙon ciwo daga hanji. In kina da juna biyu ko kina shayarwa ki faɗa tun kafin ya ɗauki biro. Duk waɗannan ki ajiye su a sama inda hannun yaro bai kai ba, musamman loperamide, wanda ba a ba ƙananan yara.

Batun iska da alwala, wanda na san yana hana mata da yawa sukuni, ki tambayi malaminku. A fiƙihu akwai babin salas, wato hukuncin wanda iska ko fitsari ke yawan kufce masa, kuma akwai sauƙi a cikinsa. Haka batun azumi. Ni dai na koyi buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, kunu kaɗan, in yi sallah, sannan in ci abinci, maimakon in afka wa ƙosai da kankana a lokaci guda.

Mataki na uku: ki gaya wa yaron gaskiya, a taƙaice

Mu Hausawa muna da kunyar maganar bayan gida, muna kuma ganin yaro bai san komai ba. Ya sani. Yana ganin kin shiga bayi sau huɗu kafin a tafi makaranta, yana jin kina nishi. In ba ki ba shi bayani ba, zai ƙirƙiro nasa, kuma na yaro ya fi naki ban tsoro. Ɗan shekara huɗu yana iya ɗauka cewa don ya ƙi jin magana jiya ne Umma take ciwo. 'Yata ta taɓa tambayar ƙanwata a asirce ko in na mutu a gidan wa za su zauna.

Ki zaɓi ranar da kike lafiya, ba lokacin da kike murƙususu ba. Abin da na ce musu bai wuce wannan ba: "Cikina yana da saurin fushi. Wani lokaci yana ciwo, sai in je bayi, in huta kaɗan, ya wuce. Likita ya duba ni ya ce ba ya kisa. Ba ku kuka jawo ba, kuma ba a ɗauka." Sai na yi shiru na jira tambaya. Autan ya tambaya ko cikin yana da baki da yake fushi. Shi ke nan, aka koma wasa. Za su sake tambaya bayan wata guda, ki maimaita amsar yadda take.

Mataki na huɗu: ki kula da abin da suke gani in ciwon ya taso

A 2001 wata mai bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, Rona Levy, da abokan aikinta suka wallafa nazarin da suka yi a kan dubban tagwaye. A tagwaye masu kama ɗaya sak, in ɗaya yana da IBS, kusan 17 cikin 100 ne ɗayan ma yake da shi. A tagwayen da ba su yi kama ba, kusan 8 cikin 100. Wato akwai gado a ciki, amma ba shi ne duka ba, don da jini ne kaɗai da masu kama ɗaya sun tafi tare kusan kullum. Binciken ya kuma nuna samun uwa mai ciwon ya fi nuna wanda zai yi shi a kan samun ɗan tagwaicin da ba ku yi kama ba mai ciwon, alhali rabon jinin kusan ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne abin da aka gani aka koya a gida. Ni wannan bai sa na zargi kaina ba, daɗi ma na ji, don jini ba ni da iko a kansa, amma bakina nawa ne.

Ba cewa nake ki yi ƙaryar lafiya ba. Yaro yana gane murmushin dole. Ki bar shi ya ga ciwon, amma ya ga abin da ake yi da shi. Maimakon "wayyo na mutu", ki ce a fili, "Cikina ya taso. Bari in sha ruwan ɗumi in kwanta minti goma, sannan mu ci gaba da wanke-wanke." Ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe da zani, ki ɗora a mara. Ki ja numfashi ta hanci har cikin ya taso kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida. Sannan, abin da ya fi komai, in minti goman ta cika kuma da dama-dama, ki tashi ki koma kan wanke-wanken. Tashin nan shi ne karatun.

Ki kuma rage labarin ciwo a gabansu. Mun iya wannan, a zo gaisuwa a ce "ya jiki", sai a buɗe faifai tun daga daren jiya har launin abin da ya fita, yara suna zaune suna haddacewa. Ki ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", in kina son ki fayyace wa aminiyarki ki bari sai sun tafi Islamiyya.

Mataki na biyar: ranar da yaro ya ce "Umma, cikina"

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Farko ki duba shi da gaske. Muna Zariya ne, inda gudawa da amai, taifot na ainihi, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suke kwantar da yara, lokacin damina kuma kwalara kan ɓulla. Kada wani ya karanta wannan ya ce an ce a yi banza da ciwon yaro. Ki taɓa jikinsa, ki kalli idonsa, ki tambayi yaushe rabonsa da bayi. Asibiti kai tsaye in akwai zazzaɓi, amai mai yawa ko mai launin kore, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, ciwon ya tsaya a gefen dama ta ƙasa yana ƙaruwa, yaron ya ƙi tafiya ko ya ƙi a taɓa shi, ido ya faɗa, fitsari ya ragu, ciwon yana tashinsa daga barci, ko yana ramewa. Yaro mai sikila kuwa, ciwon cikinsa ba a yi masa jira. In gudawa ce, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tun a gida, da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma ki ci gaba da ba shi abinci. Ki tambayi ma'aikatan asibitin unguwarku lokacin ba da maganin tsutsa.

To, kin duba, babu ko ɗaya. Ya ci abinci, jiki ba zafi, da an jima za ki ji dariyarsa. Me za ki yi?

A 2006 Lynn Walker da abokan aikinta a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka wallafa wani gwaji. Aka sa yara shan ruwa har cikinsu ya cika ya dame su, sannan aka shigo da iyaye. Wasu iyayen aka ce su mai da hankali kan ciwon, su yi ta tausayawa da tambaya. Wasu aka ce su ɗauke hankalin yaron da wata hira. Wasu ba a ce musu komai ba. Yaran da aka yi ta yi musu sannu, ƙorafinsu ya kusa ninkawa. Waɗanda aka ɗauke wa hankali, ya ragu da kusan rabi. Abin da ya fi ba ni mamaki, yaran da bakinsu sun ce ɗauke hankalin ya fi sa su jin daɗi, iyayen kuwa suna ganin shi ne zai cutar da yaro. Mu masu ciwon ciki mun fi kowa faɗawa wannan rami, don mun san zafin abin, da yaro ya dafe ciki sai namu ya amsa.

Ga yadda nake yi yanzu. In durƙusa daidai tsayinta in ce, "Na ji, cikinki yana ciwo. Sannu." Sau ɗaya. Ba na cewa ƙarya take yi, don sau da yawa da gaske tana jin wani abu, kuma yaron da aka ƙaryata ƙara murya yake yi don a yarda. Sai in ce, "Je ki bayi ki gwada, ki zo ki sha ruwa." In ta dawo mu yi numfashin nan tare sau biyar, na ce mata ta hura cikinta kamar balan-balan. Daga nan in canza hira: wa ke zama kusa da ita a aji, yau wace sura za su biya. Sai takalmi, sai makaranta. Ina gaya wa malamarta a gefe, ba a gabanta ba, cewa in zazzaɓi ko amai ya zo a kira ni, in babu a bar ta ta huta minti biyar ta koma cikin 'yan'uwanta.

Litinin ta farko da na gwada, ta yi kuka tun daga ƙofar gida har muka hau Keke Napep, mai keken yana ta waiwayena kamar na sato ta. Na dawo gida nawa cikin ya murɗe don tashin hankali, na zauna da waya a hannu ina jiran kira. Ba a kira ba. Da aka tashi ta shigo da gudu tana ba ni labarin wata da ta zo da sabuwar jaka. Ban tambaye ta cikin ba. Wannan ma doka ce: kada ki tarbi yaro da "ya cikin?", kin tuna masa abin da ya manta. Na ce, "Yau kin yi ƙoƙari, kin je makaranta duk da ba ki jin daɗi." A mako na huɗu maganar ta mutu.

In kuwa dole ya zauna a gida, to zaman ya zama na marar lafiya: kwanciya, abincin da kowa ya ci, ba waya, ba katun, ba tsire na musamman da daddare. Lemon kwalba da biskit da kwana a gadon Umma ki ajiye su ga ranar lafiya. In ranar ciwo ta fi ranar makaranta daɗi, ko ke ce za ki zaɓi ciwo.

Abu biyu kuma ki bincika in ƙorafin yana yawan dawowa. Na ɗaya, ɗaurewar ciki, wadda tana cikin manyan dalilan ciwon ciki a yara. Yara da yawa suna riƙe kashi tun safe har a tashi don bayin makaranta ba ruwa ko yana wari, ko suna kunyar neman izini. Ki saba masa zama a fo ko bayi minti biyar bayan karin kumallo, lokacin da hanji ke motsi da kansa, ki ƙara masa ruwa, ganye da 'ya'yan itace. Na biyu, ki lura da ranar. Ciwon da ke zuwa Litinin da safe ya ɓace ranar Asabar yana da magana a bakinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wataƙila bulala ce, ko wani ke cin zalinsa, ko hadda ta yi masa nauyi. Yaro ƙarami bai iya cewa "ina jin tsoro" ba sai an koya masa, cikinsa ne ke faɗa a madadinsa. Da daddare in an natsu ki tambaya, "Me ya fi ba ka haushi yau? Me ya ba ka dariya?" A wurin tawa, ashe wata ce ke ƙwace mata kuɗin tara.

Mataki na shida: ki shirya wa mugunyar rana tun ba ta zo ba

IBS ya fi tashi da safe, daidai lokacin da gida ke kan wuta. Don haka kayan makaranta, jaka da abin karin kumallo tun dare nake haɗa su, in kuma tashi rabin awa kafin yara don cikin ya gama rigimarsa. Ki tanadi ruwa a bayi tun dare, kin san halin famfon garin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ki yi yarjejeniya da maƙwabciya ko 'yar'uwa wadda za ta wuce da yaranki in kin kasa, ke ma ki rama mata wata rana. Yara su san tsarin tun da wuri, "in Umma ba ta iya ba, Anti ce za ta kai ku", don kada canjin ya zama tashin hankali.

Fita kuma kada ki daina. Na yi shekara biyu ina ƙin biki da suna, har kallon hawan sallah na hana yarana don tsoron inda zan sami bayi a cikin cunkoson ƙofar Fada. Yanzu ina da taswira a kaina: in za ni kasuwar Sabon Gari na san gidan da zan shiga, in Samaru ce na san wani, in cikin birni ne dangi sun yi yawa. A jakata akwai ƙaramar gorar ruwa, sabulu, tishu, leda da zani na canji. Ina cin abu mai sauƙi kafin in fita, a gidan biki kuma in ɗebi shinkafa in bar miyar da ta sha albasa, ba tare da na yi wa kowa wa'azi ba.

Hattara da 'yar fari. Da sauƙi take zama nas ɗin gida tana shekara bakwai, ita ce dafa ruwa, ita ce goyon ƙani, ita ce gadin fuskar Umma. Aike daidai shekarunta yana gina ta, ta miƙo gora, ta share tsakar gida, ta ji ana yaba mata. Amma ranar da kika ga ta fasa zuwa wasa don "kar cikin Umma ya tashi ba kowa", to kayan ya fi ƙarfinta. Ki ce mata, "Kula da ni aikin manya ne, je ki wasanki."

Sauran abin da ke sa yaro ya yi ƙwari ba sabo ba ne. Barci a kan lokaci, wasa a waje da sa'o'insa, da barinsa ya yi fama da igiyar takalminsa ko maɓallin rigarsa kafin ki sa hannu. In ya faɗi ya kalle ki, ki riƙe fuskarki, ki ce "tashi, jarumi", ki duba gwiwar, a wuce wurin.

Ku kuma maza, in ku ne masu ciwon, ku sani yaro yana ganin ranar da aka fasa zuwa kasuwa aka kwanta a zaure ana faɗa da kowa. In matar ce mai ciwon, "ke kullum ciki, kullum ciki" ba ya warkar da komai, tashin hankali ma ƙara tunzura hanjin yake yi. Ɗaukar yara zuwa makaranta ranar da ta kasa ya fi mata kwalbar magani. Kuma ku daidaita baki: in uwa ta duba ta ce a tafi makaranta, kada uba ya zo daga baya ya ce a bar mini ɗiya ta huta.

Mataki na bakwai: kakanni

Wannan ban gama cin nasararsa ba. Surukata tana son jikokinta kamar ranta, kuma a wurinta yaro ya ce ciki, to a jiƙa kanwa, a kawo sassaƙe, a kwantar da shi a ɗakinta kwana biyu ana dama masa fura. Ba a yi wa Hajiya gardama, ni ma ban gwada ba. Ɗanta na tura, na ce ya ce likita ne ya hana ba yara jiƙe-jiƙe ba da saninsa ba, wanda kuma gaskiya ne, ya hana. Sannan na nemo mata aikin da ya dace da ita. Na ce, "Hajiya, in suka ce ciki, ke ce mai maganin, ki yi musu addu'a ki shafa, sannan ki yi musu tatsuniya, don sun fi jin taki." Abin da binciken Amurka ya kira ɗauke hankali, ita ta fi shekara hamsin tana yin sa da Gizo da Ƙoƙi.

Kanwar dai an daina. Furar kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce na shiga ɗakinta na tarar da autan a kishingiɗe kan darduma, ludayi a hannu, ya dafe ciki da ɗayan. Da ya gan ni sai ya sauke hannun. Hajiya ta ce, "Bar shi ya ƙarasa, ai yau ba makaranta."